Neman turjiya: kundin aikin sitiyarin G29 daga Windows zuwa Linux

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Sitiyarin ya iso yau da hantsi. Logitech G29 ne, sitiyarin wasan tuƙin mota a kwamfuta, na hannu, daga wurin wani mai kawo kayan gwanjo da na yi wata biyu ina yi wa naci. Fatar jikinsa ta ɗan goge daidai inda babban yatsa yake zama, alamar mai shi na farko ya mori kuɗinsa. Feda ukun, totur da birki da kuloci, duk suna nan lafiya, ga kuma adaftar wutarsa mai bolt 24. Sandar giya ce kawai babu, dama ita daban ake sayar da ita.

Ga abin da ya sa na buɗe wannan kundi. Kwamfutata ta tebur Core i7 ce ta ƙarni na 7, shi kuwa Windows 11 daga ƙarni na 8 ya fara karɓa a hukumance. Taki ɗaya ya rage mata ta shiga, ba ta kai ba. Microsoft kuma ya sanar cewa ranar 14 ga Oktoba zai janye hannunsa daga Windows 10, saura mako biyar ke nan da kwana uku. Na riga na yanke shawarar kwashe aikina na yau da kullum in koma Linux. Abin da ya rage shi ne in ga ko sitiyarin nan zai yarda ya bi ni.

Ba juyawa nake nufi ba. Juyawa kam, ko wace kwamfuta ka soka wa shi za ta gane an karkata hagu ko dama. Abin da na fitar da kuɗi dominsa shi ne wanda aka rubuta force feedback a jikin kwali, ni kuma nake ce masa turjiya. Duk wanda ya taɓa tuƙi a kan burji ya san sitiyari yana magana da hannu: ya yi nauyi a kwana, ya yi karkarwa a gargada, in tayar gaba ta hau yashi ya yi sakayau kamar an tsinke shi. A cikin G29 akwai ƙananan injinan lantarki guda biyu da haƙoran giya, aikinsu ke nan su kwaikwayi wannan magana. In suka yi shiru, bambancinsa da murfin tukunya kaɗan ne.

Ina haɗa shi da wuta da kafar USB sai ya kama juyi shi kaɗai, ya tafi ƙarshen wannan gefe, ya dawo ƙarshen wancan, ya tsaya cak a tsakiya. Haka yake yi duk lokacin da aka kunna shi don ya auna iyakarsa, zagaye biyu da rabi, digiri 900. Ƙaramar 'yata da ke leƙe ta bayan kujera ta kwasa da gudu tana cewa, "Umma, aljani ya kama sitiyarin Abba!" Na kafa doka tun yau, kada wanda ya sa hannu a ciki lokacin da yake wannan juyin.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kafin in taɓa komai sai da na zauna na ji yadda yake a Windows 10, don in sami ma'auni. Wanda bai san ɗanɗanon miyar ba ai ba zai gane an rage mata gishiri ba.

Na sauke G HUB, manhajar Logitech, na tabbatar ɗan makunnin da ke saman sitiyarin yana kan PS4 (ɗaya gefen PS3 ne, duka sunayen na'urar wasa ta PlayStation) kamar yadda kamfanin ya ce a yi in za a haɗa da kwamfuta. Minti goma bai cika ba komai ya zauna. Na buɗe joy.cpl, tagar gwajin kayan wasa ta Windows, na ga kowace feda tana motsa nata layin daban. A G HUB na bar juyi a 900, na cire alamar sifirin ɗin da ke mayar da sitiyari tsakiya ko ana so ko ba a so, domin wasan ne ya kamata ya yi wannan aikin.

Wasanni huɗu zan riƙa gwaji da su: Euro Truck Simulator 2 na kamfanin SCS da ke Jamhuriyar Cek, DiRT Rally 2.0, Assetto Corsa Competizione na Kunos 'yan Italiya, sai EA Sports WRC wanda na saya saboda abu ɗaya tak, Safari Rally ta Kenya da ke cikinsa. Na ɗauki biro na rubuta abin da hannuna ya ji a kowanne. A Monza, filin tsere na Italiya da ke cikin Competizione, in na makara wajen birki a kwanar farko, sitiyarin yakan saki kafin idona ya ga motar ta zarce. A burjin Ostareliya na DiRT kuwa akwai wani nauyi a tsakiya, kamar kana juya muciya a tuwon da ya fara kauri.

Teburina bai ji daɗin wannan baƙo ba. Karo ɗaya na yi da shinge, shayi ya malale a kan takardun makarantar yara. Gobe kafinta zai zo ya ƙara masa katako ta ƙasa.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ɗora Linux Mint 22 a gefen Windows, kowa da ɗakinsa a faifai guda. Wannan bai ci awa ɗaya ba. Sitiyarin ne ya cinye mini yinin.

Na soka shi, ya yi juyinsa na gaisuwa, daga nan shiru. Na buga lsusb a taminal, umarnin da ke jero na'urorin da aka soka ta USB, ya nuna 046d:c260. Lambar farko ta Logitech ce, ta biyun ita ce sunan da sitiyarin ya gabatar da kansa da shi. Ni kuma da tunanin Windows a kaina, daga la'asar har bayan isha'i ina yawo a intanet ina neman direban da zan sauke. Direba a nan ita ce 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Da uwargida ta leƙo ta ce abinci yana hucewa, na ce mata direba nake nema, sai ta ce, "Kai da ka sayi sitiyari don ka tuƙa da kanka, direban me kuma?"

Ashe babu abin saukewa. Direban yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun wajen 2016. Laifina ne, na bar makunnin a kan PS4, alhali a Linux PS3 ake so. Na zare wayar USB, na tura makunnin, na mayar. Abin da na gani a dmesg, inda kanel ke rubuta abin da ke faruwa, ya ba ni dariya: sitiyarin ya fara bayyana da lambar c294, ya ɓace, ya sake bayyana da c24f. Lambar c294 ta wani tsohon kakansa ce mai suna Driving Force. Sitiyarin Logitech da yawa haka suke farkawa, sanye da rigar kakan nan don tsofaffin wasanni su gane su, sai direba ya raɗa musu wata kalma sannan su tuɓe su nuna ainihin kansu. G25 da G27 ma haka suke yi.

Wanda yake da G920 kada ya bi wannan bayanin. A ido tagwaye ne da G29, shekara ɗaya suka fito, 2015, amma shi na ɓangaren Xbox ne, yarensa daban, direbansa daban, kuma sai usb_modeswitch ya sauya masa yanayi kafin Linux ya yi magana da shi. Rabin abin da ya ɓatar da ni yau bayanan G920 ne da na riƙa karantawa ina zaton nawa ne.

Na manna salatif a gefen makunnin, na rubuta W a wajen PS4, L a wajen PS3.

Lahadi, 14 ga Satumba

DiRT Rally 2.0 da duk ƙarinsa ya doshi gig 100, ba ni da datar sake sauke shi. Na kwafo manyan fayilolin wasannin daga ɗakin Windows zuwa ma'ajiyar Steam ta Linux, na bar Steam, manhajar saye da kunna wasanni, ya duba ya cike abin da babu. Ban yarda na kunna su kai tsaye daga ɓangaren NTFS, wato ɗakin Windows, ba, masu Proton sun sha gargaɗi a kan haka. Euro Truck yana da nasa na Linux na asali. Sauran ta Proton za su bi, tafintan da Valve ya fitar a 2018 don wasannin Windows su tashi a Linux.

Asabar, 20 ga Satumba

Competizione ya tashi ba gardama, sai dai da farko ya ɗauki sitiyarin a matsayin rimot ɗin Xbox. Na kashe Steam Input a saitin wasan, ya gane shi da sunansa. Zagaye biyar na yi a Monza, da za a ce in rantse Windows nake ko Linux da ban iya ba. Murna ta kama ni har na fara tunanin rufe kundin nan yau.

DiRT ne ya dawo da ni hayyacina. Turjiya akwai, duwatsu suna dukan hannu, amma nauyin nan na tsakiya ya tafi, sitiyarin ya yi sakwa-sakwa kamar kan keken da notinsa ya kwance. Na ja ma'aunin gugar sitiyari har ƙarshe, na dawo da shi sifili, duk ɗaya.

Akwai wata 'yar manhajar gwaji, fftest, tana cikin ƙunshin da ake kira joystick. Tana aika wa sitiyari umarni iri shida ɗaya bayan ɗaya ta ga wanda zai karɓa. Guda ɗaya ya karɓa, ja mai ɗorewa. Girgiza, sifirin, shakazoba, duk ya ƙi su.

A nan na fahimci lamarin, kuma shi ne abin da nake ganin ya fi cancanta in rubuta. Saƙon turjiya hannu huɗu yake bi kafin ya iso tafin hannuna. Wasan ne yake lissafa abin da taya take ji. Yana faɗa da yaren DirectInput, wanda Microsoft ya sa wa turjiya tun 1997 a DirectX 5, zamanin SideWinder. Proton ya juya wannan zuwa yaren Linux. Direban kanel ya karɓa ya miƙa wa injinan. To, a yaren DirectInput umarni iri-iri ne. Akwai "ja hagu da ƙarfi kaza", akwai "zama sifirin", akwai "zama shakazoba, ka hana hannu saurin juyi", akwai "yi guga", akwai "yi girgiza sau kaza a daƙiƙa". Direban da ke cikin kanel na farkon kawai ya iya, sai mayar da sitiyari tsakiya. Competizione kusan duk lissafinsa da kansa yake yi, ya dunƙule shi a umarnin farko ya riƙa aikawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, shi ya sa bai yi asarar komai ba. DiRT kuwa yana barin wani ɓangare ga direba, direban kuma bai san zancen ba.

Wannan ne ya sa za ka ga mutum biyu suna musu, wannan ya ce G29 yana aiki a Linux, wancan ya ce ƙarya ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Tambayar da ba a yi musu ba ita ce, a wane wasa?

Asabar, 27 ga Satumba

Maganin yana nan, sunansa new-lg4ff. Wani mai suna Bernat Arlandis ne ya rubuta shi ya sake shi kyauta, direba ne da ke maye gurbin na kanel ya ƙara sauran umarnin da aka rasa. Ana ɗora shi ta DKMS, tsarin da ke sake gina direba duk lokacin da kanel ya sabunta.

Ginawa ta tafi lafiya. Na sake kunna kwamfutar, na miƙe na je ɗauko ruwa a randa. Na dawo na tarar da Mint ya buɗe kamar kullum, sai dai sitiyarin ya koma baya fiye da jiya. Juyinsa bai kai rabin wanda ya saba ba, kuloci ba ya amsawa, lsusb kuma yana nuna c294. Ya maƙale a rigar kakansa, babu mai raɗa masa kalmar. Na gwada loda direban da hannu, taminal ya amsa da layi ɗaya: "Key was rejected by service".

Secure Boot ne. Kwamfutar ba ta loda direban da ba ta san sa hannun mai shi ba, kuma don ta san nawa, akwai wani shuɗin allo da ke fitowa sau ɗaya kafin Mint ya tashi, ya jira 'yan daƙiƙu a danna maɓalli a yi rajistar makullin. Shi ne ya zo ya wuce ina wajen randa. Na sake shigar da makullin ta mokutil, na zaɓi kalmar sirri, na sake kunnawa, wannan karon na kafa wa allon ido kamar mai jiran ganin wata. Ya fito, na danna, na sa kalmar, ya karɓa.

Wasu za su ce kashe Secure Boot kawai ka huta. Na bar shi a kunne saboda Windows yana nan a gefe, kuma wasu wasannin zamani suna nemansa.

Na koma fftest. Girgiza ta shiga, ja ya shiga, sifirin ya shiga, shakazoba ya shiga. Biyun ƙarshe na rimot ɗin hannu ne, ban bi ta kansu ba. Na buɗe DiRT, na shiga burjin Ostareliya, tuwon ya dawo da kaurinsa. Ƙarfe ɗaya na dare na kwanta.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu ne, na samu sarari. Da safe na ɗora Oversteer, ita ma ta Bernat ɗin ce, ita ce madadin G HUB a nan: juyi, ƙarfin turjiya, sifirin, da ajiye saiti daban ga kowane wasa. Sai da na sa mata dokokin udev kafin ta sami izinin taɓa sitiyarin.

Akwai abu ɗaya a sabon direban da ban samu a Windows ba. Fitilun nan na saman sitiyari da ke nuna lokacin sauya giya, ana iya mayar da su ma'aunin ƙarfin turjiya. Na kunna, na ga a DiRT kusan rabin hanya a ja suke. Ma'ana injinan sun ƙure, wasan yana neman ƙari babu. Kamar lasifikar mai tallan magani ce da aka murɗe har ƙarshe, ƙara ta cika kasuwa amma ba ka jin abin da yake faɗa. Na rage ƙarfin, sitiyarin ya yi sauƙi a hannu, kuma sai ga ƙananan tsakuwoyin da da ba na ji. Ashe a Windows ma haka nake tuƙi a ƙure ban sani ba.

Bayan azahar Baffa ya zo. Shekara talatin ya yi yana jan tanka tsakanin Kano da Legas kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon teburin.

"Wannan ne abin da ya hana ka zuwa gaishe ni?"

"Baffa, ku yi haƙuri. Ku zauna ku gwada mana, ai ku ne masu abin."

Ya ɗage hannun babbar rigarsa kan kafaɗa, ya zauna, na buɗe masa Euro Truck. Hannunsa na dama ya tafi neman sandar giya ya damƙi iska. Na nuna masa 'yan fukafukan da ke bayan sitiyari, ya ce, "Giya a wajen sigina? To, Allah ya kyauta." Fitarsa daga gareji ke da wuya ya kwashi shinge da bodi. Ya ce ba laifinsa ba ne, ɗan juyi kaɗan motar ta kwanta, babbar mota kuwa sai ka yi ta naɗa hannu kafin ta amsa. Gaskiyarsa, digiri 900 na ƙaramar mota ne, kuma babu manhajar da za ta ƙara wa G29 ko rabin zagaye.

Abin da ya fi damunsa nauyin ne. Ya ce an yi shi a juye. Mota a tsaye ita ce mai taurin sitiyari, in ta ɗauki gudu ta saki, kuma in ka fita kwana ita za ta warware kanta, kai dai ka bar shi ya zame a hannunka. Tun da SCS suka sake fasalin turjiyar wasan a 2021 akwai ma'aunai daban na komawa tsakiya a gudu da a hankali, da guga, da rawar inji, da yanayin hanya. Ina ja yana tuƙi yana cewa ƙara, rage, a'a koma inda kake. Rabin awa muka yi a haka. Da muka isa wurin sauke kaya, ya dubi madubi biyun, ya tura tirelar da baya ta shige gurbinta a karo ɗaya. Ni ban taɓa yin haka ba ko sau ɗaya.

"Yanzu ta fara zama mota," in ji shi. "Amma ka nemo mata giya, ɗana."

Na ajiye saitin a Oversteer da sunan Baffa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ina tsakiyar wani dogon zango aka ɗauke wuta. Kwamfuta da allo suna kan UPS, ba su ko ƙifta ba. Adaftar sitiyarin kuwa a bango na soka ta. Motar tana ta gudu, juyi yana amsawa, amma hannuna ya faɗa cikin rami, babu nauyi ko na ƙwayar gero. Na bugi bishiya. Wayar USB saƙo kawai take ɗauka, ƙarfin injinan daga adafta yake zuwa. Duk wanda turjiyarsa ta ɓace farat ɗaya, ya fara duba soket kafin ya zargi Windows ko Linux. Na mayar da adaftar kan UPS.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ƙanwata ta zo da MacBook ɗinta mai M1, na roƙi aron awa biyu. "Yaya, don Allah kar ka cika mini ita da tarkace," in ji ta.

Ban ma sami abin cikawa ba. Cikin wasannina huɗu Euro Truck ne kaɗai yake da na Mac. Na nemo 'yar adaftar USB-C na haɗa. Wasan ya ga sitiyari, ya ga feda, na ja tirela daga gari zuwa gari, amma hanya ba ta ce wa hannuna komai ba. A shekarun baya kamfanin Feral na Ingila ya kawo wa Mac wasannin tsere irin su GRID Autosport da DiRT Rally na farko, har ya fitar da wata 'yar manhaja mai buɗe wa sitiyarin Logitech cikakken juyinsa. Yau mai son tseren sitiyari ba a nan kasuwarsa take ci ba. Na goge abin da na ɗora, na mayar mata da abinta kafin awa biyun su cika.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar ta zo. Windows 10 ya tashi da safe kamar jiya, babu abin da ya fashe. Microsoft ya buɗe wata ƙofa ta ƙarin shekara guda ta facin tsaro ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoban 2026, na yi.

Dole ce ta sa. Wasa uku sun bi ni Linux, na huɗun bai bi ba, kuma sitiyari ba shi da hannu a ciki. Tun 2024 aka sa wa EA Sports WRC manhajar hana maguɗi mai aiki a can cikin zuciyar Windows, irin wadda Proton ba ya iya tafintawa. Wasan ba ya ma buɗewa balle a kai ga zancen turjiya. Saboda haka duk ranar da na yi marmarin jan ƙasar Kenya da ramukanta, sai in kashe kwamfuta, in zare USB, in tura makunni zuwa W, in shiga ɗakin Windows. Ba na buɗe imel ko banki a can, wasa ɗaya ne ya rage masa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Wani abokina ya ɗauko G27 ɗinsa a buhu ya zo da shi, tare da sabuwar laftof mai Windows 11. G27 ya girmi nawa da shekara shida ko kusa da haka, kuma G HUB ba ta san shi ba, tsohuwar manhajar Logitech mai lamba 5.10 ita ce tasa. Direbobin cikinta sun girmi wani tsaro na Windows 11 da ake kira Memory Integrity, su biyun ba sa zama ɗaki ɗaya. Ko ka kashe tsaron sitiyari ya yi aiki, ko ka bar shi a kunne ka haƙura. Ya zaɓi kashewa, ni dai na ce masa laftof ɗin da yake aikin ofis da ita ce, ya sake tunani.

Don nishaɗi muka soka G27 ɗin a Mint. Ya fito da c294, ya ɓace, ya dawo da c29b. Digiri 900, feda uku, sandar giyarsa mai shida, duk suka amsa, ban danna komai ba. Ya daɗe yana kallon allon. Tsohon sitiyari ya fi samun wurin zama a Linux fiye da sabon Windows, sabon wasa kuma ya fi samun wuri a Windows. Ni kuma ina tsakiya da salatif.

Da yake yana da giya, na aika aka ɗauko Baffa. Bai tashi daga kujerar ba sai da aka kira magariba.

Hira ta kai mu kan sitiyarin zamani da ake ɗaura wa inji kai tsaye, babu haƙoran giya babu bel. Moza R5 yana ba da ƙarfin murɗawa Nm 5.5, nawa kuwa da kyar ya haura 2. Yawancin irin waɗannan suna bin ƙa'idar USB ta bai ɗaya da aka tsara don turjiya, ba yaren gida irin na Logitech ba, kuma Linux 6.15 da ya fito a watan Mayun bana ya zo da direba guda mai ɗaukar da yawa daga cikinsu. Thrustmaster T300RS da na Fanatec kuwa har yanzu sai an ɗauko musu direba daga waje, hid-tmff2 da hid-fanatecff, kamar yadda na yi wa nawa. Na ji farashin Moza ɗin, na ce a kawo shayi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ranar Alhamis Mint ya kawo sabon kanel. Na karɓa gabana yana faɗuwa, DKMS ya sake gina direban ya sa masa hannu da makullin nan, ban ga shuɗin allo ba, sitiyari ya tashi da c24f.

Jiya kuma sai mota ta fara wani abu a Monza. A miƙaƙƙiyar hanya, ƙafata a ƙasa, inji yana yi kamar ana ɗan sassauta masa. Nan take na ɗora wa sabon kanel laifi, har na fara neman yadda ake komawa tsohon. Sai na tuna littafina da biro. Na tura makunni zuwa W, na shiga Windows, na buɗe joy.cpl: layin totur yana rawa a can ma. Na dawo Linux na buɗe evtest, manhajar da ke nuna lambar da feda ke aikawa, ban taɓa fedar ba amma lambarta tana tsalle tsakanin 255 da 240 da wani abu.

Hunturu ya fara leƙowa, fedar kuma a ƙasa take kusa da ƙofa. Na kwance ƙusoshin gindinta, na buɗe a hankali saboda siraran wayoyin ciki. Abin da na tarar a jikin ɗan ma'aunin totur ya isa a shuka gyaɗa, ƙurar gidana da gashin kyanwar mai shi na farko. Na fesa masa ruwan wanke kayan lantarki, na taka fedar da hannu sau hamsin, na bar ta ta bushe. Lambar ta tsaya a 255 ba motsi. Uwargida ta ba ni wani tsohon zani na rufe fedar da shi.

Mai gwanjon ya yi waya da yamma, ya ce an samu sandar giya amma sai kwantenar ƙarshen wata. Tana da tata kafar mai fil tara a ƙasan sitiyarin, ba ta bi ta USB, don haka ina sa ran babu sabon direba. Baffa ya riga ya aiko a tambaya sau biyu.